Maganar da Ba Ta Shiga Fim Ba

Assalamu alaikum, masu karatu. Waɗanda suka daɗe tare da ni su yi haƙuri, zan ɗan koma baya saboda baƙin da suka shigo yau. A aji ma haka nake yi: in sabuwar ɗaliba ta zo sai mu koma farkon shafi, tsofaffin su yi ta hamma har mu iso inda muka tsaya.

Ni malamar firamare ce, 'yan aji uku nake koyarwa. Muna zaune a hawa na biyu na wani tsohon bene, ni da Mama da Auta, ƙanwata da ke karatun jinya. Ɗaki biyu ne da falo, sai 'yar baranda inda muke shanya, inda kuma wayar kowa ta fi kama sabis. Babanmu ya rasu ina shekarar ƙarshe a kwaleji. Kujerarsa na nan a kusurwar falo kusa da taga. Ba wanda ya hana a zauna a kanta, ba kuma wanda yake zama.

Mai nemana marubucin fim ne. Ba jarumi ba ne, ba darakta ba. Shi ne wanda ke zama a ɗaki ya rubuta abin da jaruman za su faɗa. Na sha yi wa Kawu, yayan Mama, wannan bayanin, amma har yau in ya tashi tambaya sai ya ce, "Ina yaron nan mai ɗaukar hoto?"

A makarantarmu muka haɗu. Ya zo da izinin shugabar makaranta, wai yana son ya ji yadda yara ke magana in suna faɗa, don akwai wurin da yara biyu za su yi rigima a kan fensir a fim ɗinsa. Na ba shi kujerar yara a bayan aji. Dogo ne, ya zauna gwiwoyinsa na neman taɓa haɓarsa, da riga ruwan toka da tabarau da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Har aka tashi bai ce uffan ba. Da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa ya buɗe baki, na ga maganar ta maƙale, leɓensa na rawa. Nan take na gane, don ina da irinsa biyu a ajin: in'ina gare shi, mai nauyi. Sai ya ciro waya ya rubuta, ya juyo mini da fuskarta: "Na gode, Malama. Yaran ajinki sun fi 'yan wasanmu iya faɗa."

Daga baya, ta saƙonni, na san tarihinsa. In'inar ce ta mai da shi marubuci. Yana yaro in aka aike shi kanti sai ya rubuta aiken a takarda, don kada mai kanti ya riga shi ƙarasa kalmar. A sakandare ya rubuta wasan kwaikwayon ƙarshen shekara, ya laɓe bayan labule yana jin wasu na faɗin maganganunsa tiryan-tiryan ba tuntuɓe. Ya ce ranar ce ya fara jin muryarsa. Ya rubuta tallan sabulu da na maganin sauro a rediyo. Ya yi shekaru yana gyara wa wasu labari, sunansu a sama, nasa babu ko'ina. Yanzu shi ke rubuta fim mai dogon zango da ake nunawa duk Lahadi da yamma, labarin wani Direba da wata Mai Ɗinki, wanda in aka fara shi layinmu kan yi tsit. Aikin nasu a guje ake yinsa: abin da ya rubuta farkon mako shi ake ɗauka a tsakiyarsa, a nuna ranar Lahadi. Sunansa na fitowa a ƙarshe, daidai lokacin da gidan talabijin ke yanke rubutun ya sa talla. Auta ta taɓa tsayawa da waya a gaban talabijin don ta ɗauki hoton sunan. Abin da ta samo rabin suna ne da gwangwanin madara.

Bai taɓa kirana a waya ba, ko sau ɗaya. Saƙo ne kullum. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

In ya zo gaishe da Mama, ya durƙusa, ya yi murmushi, ya sha shayi, ya tafi. Auta ta sa masa Yaya Shiru. Mama kuwa ta karɓe shi hannu biyu, wai ta gaji da maza masu surutu. Matsalar Kawu ce, wanda ya ce shekara ta zagayo yaro na hawa benen nan yana sauka, ko dai manyansa su zo a san juna, ko ya bar wa wani matakalar.

"Malama, Kawunki ya sake kira," in ji Mama, tana tsince shinkafa. Ita ma Malama take ce mini in tana son ta tsokane ni.

"Na ji, Mama."

"Ji kawai? Ni me zan ce masa?"

"Ki ce ana dubawa."

"Mutum ne ko jarrabawa?"

Ba ƙinsa nake ba. Ni dai ba na sa maki sai na karanta amsa har ƙarshenta.

Wata Lahadi muna zaune a falo, ni ina gyaran littattafan yara a kan cinya, ido ɗaya a talabijin. Maman 'Yan Biyu, maƙwabciyarmu ta hawan ƙasa, ta hawo kamar yadda ta saba, don a gidanta yara sun ƙwace rimot. A fim ɗin, Direba ya tsaya a ƙofar shagon Mai Ɗinki, ya sunkuyar da kai ya ce, "Jiya na wuce ta ƙofarki ban tsaya ba. Ban san wucewa aiki ba ce sai jiya."

Jan birona ya tsaya a kan littafin wata yarinya. Na san wannan maganar. Tana cikin wayata.

Mai Ɗinki ba ta ko ɗago daga keken ba ta ce, "To sannu da aiki. Gobe ka bi ta wata hanyar ka huta."

Falon ya kece da dariya. Maman 'Yan Biyu har da buga cinya.

"Yarinyar nan bakinta kamar na wata da na sani," in ji Mama, ta ɗan kallo ni ta gefen ido.

Na tashi na fita baranda, na buɗe saƙonninmu na yi ta ja baya. Ga su nan, nasa da nawa, kalma da kalma, sai dai "ƙofar makarantarku" da ta koma "ƙofarki". Na ƙara ja baya. Na tarar da wasu. Ashe duk dariyar da ake yi wa Mai Ɗinki a garin nan, ni nake samar da ita a lokacin hutun tara, ina cin biredi da hannu ɗaya ina rubutu da ɗayan.

Na tura masa: "Wanne ne na farko? Ni kake rubuta wa sannan ka kai musu, ko su kake rubuta wa ka gwada a kaina?"

Ya amso: "Ke nake rubuta wa. Amma in kika amsa tun kafin in ajiye wayar, sai in san maganar na da rai. Na yi shekaru ina rubuta mata, duk magana iri ɗaya suke yi. Da na haɗu da ke sai Mai Ɗinki ta samu baki. Ki yi haƙuri ban gaya miki ba."

Gaskiya zan faɗa muku, ban ji haushi sosai ba. Har wani ɓangare na zuciyata ya ɗan kumbura. Wace ce ba za ta so a ce duk gari na maimaita maganarta a wajen ɗinki da cikin mota ba? Na rubuta masa, "Aƙalla ka riƙa gyara mini waƙafi." Na bar zancen a nan. Malamar da ta ga ƙaramin kuskure ta tsallake shi don rubutun ya yi kyau, ta san inda za ta sake haɗuwa da shi.

Yanzu bari in gaya muku maganar kofi.

Wata safiya, da daɗewa, na sauka har bakin titi sai na tuna na bar jan birona. Na hawo, na tura ƙofa a hankali. Mama na tsaye a gaban kujerar Baba, riƙe da shuɗin kofinsa mai ɗan tsagi a hannu. Ta goge bakin kofin da gefen mayafinta, ta ajiye shi cike da shayi a kan ɗan teburin, ta koma nata wurin ta zauna da nata kofin, tana magana ƙasa-ƙasa. Na ja ƙofar na koma, ranar da baƙin biro na yi gyara. Daga baya na lura kullum haka take yi bayan mun fita, in shayin ya huce ta shanye shi, ta wanke kofin ta mayar cikin sauran. Ban gaya wa kowa ba, ko Auta.

Shi na gaya wa. Wata rana da kewar Baba ta taso mini, ya tambaye ni me ke damuna, na rubuta masa duka. Ban ce masa kada ya saka ba. Ban zaci irin wannan sai an faɗa ba.

Lahadin da abin ya fito, Mama na sanye da doguwar rigarta mai ruwan ƙasa, ta miƙe ƙafa a kan darduma, Auta na shafa mata man zafi a gwiwa. Aka nuno uwar Mai Ɗinki ita kaɗai a falo da safe. Ta ɗauko kofi. Shuɗi. Ta goge bakinsa da gefen mayafi, ta ajiye a gaban wata kujera da ba kowa a kai, ta zauna tana kallonta, hawaye na zuba, ga kiɗa mai taushi an sa.

"Wayyo baiwar Allah," in ji Maman 'Yan Biyu, tana share ido. "Anya matar nan ba ta taɓu ba kuwa? Mutum ya mutu kina zuba masa shayi? Ai sai a kai ta a duba."

Auta ta ce, "Kai, Yaya Shiru ya iya ƙirƙira. Ina yake samo irin wannan?"

Mama ta janye ƙafarta. Ta ce bari ta duba shanya. Ba mu yi wanki ba ranar.

Wayata ta yi haske a kan cinyata. "Kin ga wurin kofin? Darakta ya ce shi ne mafi kyawun abin da na taɓa rubutawa."

Na karanta, na kife wayar.

Washegari da safe na ga shuɗin kofin a can saman kabad, inda muke ajiye abin da ba a amfani da shi, kusa da tsohon dutsen guga. Mama na juya shayi, kofi ɗaya a gabanta. Ba ta ɗago ba ta ce, "Ashe kin gani."

"Na gani, Mama."

"To."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Da ta yi faɗa, da ya fi mini sauƙi.

Ban toshe lambarsa ba, ban kuma rubuta masa doguwar wasiƙar fushi ba. Na san in na rubuta, zai iya yin kyau. Shiru kawai na yi. Saƙonninsa suka riƙa shigowa: na tambaya, sai na mamaki, sai wanda ya nuna ya gane. "Na ɗauki abin da ba a ba ni ba." Ina karantawa, ina ajiyewa. Tambayar da ke raina ɗaya ce, kuma ba ta fushi ba ce: in na auri mutumin nan, akwai maganar da za mu yi a ɗaki ta tsaya a ɗaki? Akwai kalma ɗaya tasa da za ta zama tawa ni kaɗai, ba sai na raba ta da layinmu ranar Lahadi ba?

Kawu ya ci gaba da kira. Mama ta daina isar mini da saƙonsa, sai dai in ji ta a baranda tana cewa, "Yaya, a ƙara mata lokaci."

A fim kuwa, Mai Ɗinki ta fara lalacewa. Da farko ta riƙa maimaita tsofaffin maganganunta. Sai aka ce ta yi mura, muryarta ta dushe, Direba na magana tana gyaɗa kai. Da murar ta yi tsawo aka ce ta tafi wajen innarta a wani gari. Auta na karanto mana abin da mutane ke rubutawa a ƙarƙashin shirin: wai an canza marubuci, wai jarumar ce ta yi faɗa da darakta, wata ma ta rantse ta gan ta a asibiti.

"Yaya, ke ce murar nan, ko?" in ji Auta, muna ninke kaya.

"Kama can gefen zanin gadon."

Ana cikin haka, wata rana lokacin hutun tara, mai gadi ya ce ina da baƙo. Na tarar da wani gajere mai tumbi a ƙarƙashin bishiyar bakin ƙofa, waya biyu a hannu, ɗaya a aljihu, duk suna ƙara yana kashewa.

"Ranki ya daɗe, ke ce Malama?"

"Malamai muna da yawa a nan."

Ya tafa hannu. "Shi ke nan, ke ce! Muryar Mai Ɗinki sak. Ni ne daraktan. Malama, don girman Allah ki amsa wa mutumin nan saƙo."

"Aiko ka ya yi?"

"Ina! In ya san na zo sai ya shekara bai kalle ni ba. Ni na kawo kaina. Mun sa mata mura, mun tura ta wajen innarta, abin da ya rage mu kashe ta. In kuwa na kashe ta, matata ba za ta buɗe mini ƙofa ba. Ko 'to' ce ki tura masa. Mutumin nan da 'to' ɗinki sai ya cika shafi uku."

"Ya gaya maka dalili?"

"Wai ya ɗauki abin da ba a ba shi ba. Na ce masa, ai aikin ke nan! Marubuci kunne ne da hannu. Ni surukata ma tana cikin fim ɗin nan, ita ce mai gidan hayar, har yau ba ta gane kanta ba, cewa take matar ba ta da tarbiyya."

Na kusa dariya, na danne.

"Darakta," na ce, "a ajina in yaro ya ɗauki fensirin wani bai tambaya ba, ba na dukansa. Sa shi nake ya je wurin mai fensirin, ya faɗa da bakinsa."

"Da bakinsa? Malama, kin san fa yadda yake..."

"Na sani. Ba sauri nake ba."

Aka kaɗa ƙararrawa, na koma aji.

Ranar Asabar da la'asar aka ƙwanƙwasa ƙofa. Ina sanye da tsohuwar rigar zaman gida mai ɗigon bula a hannu, ban canza ba, mayafi kawai na yafa. Shi ne, da farar riga da ta sha guga har tana tsayawa da kanta, tabaran an canza masa zare. Yana shigowa ya ciro wayarsa ya miƙa wa Auta. Ta karɓa tana kallona, kamar an ba ta jariri.

Ya durƙusa a gaban Mama.

Ba zan kwaikwayi yadda maganar ta fito ba. Ba na yi wa ɗalibaina haka, ba zan yi masa ba. Ta daɗe. Kalmar "Mama" kaɗai sai da jijiyar wuyansa ta tashi. Auta ta buɗe baki za ta ƙarasa masa, na taka mata ƙafa. Gumi ya jiƙa wuyan farar rigar. A ƙarshe ya faɗi abin da ya zo faɗa: cewa kofin nata ne, ya ɗauka bai tambaya ba, ba shi da hanyar mayarwa, yana neman gafara.

Mama ta dube shi.

"Ɗana, tashi ka zauna," ta ce. "Ka san abin da ya fi ɓata mini rai? Ba kofin ba ne. Kukan da kuka sa matar ta yi ne. Ni ban taɓa kuka a kan shayin nan ba. Hira muke. Ina ba shi labarin farashin kaya da rashin jin 'ya'yansa. Kun mai da ni abin tausayi, har da kiɗa."

Ya sunkuyar da kai.

"Auta, hau kujera ki sauko mini da shi."

Ta wanke kofin da kanta, ta haɗa shayi. Ta miƙa wa baƙo nasa, ta ba mu namu, sannan ta cika shuɗin, ta goge bakinsa da gefen mayafi, ta ajiye a gaban kujerar Baba, muna kallo.

"Tunda duk gari ya sani," ta ce, "na huta da ɓoyo."

Da zai tafi na raka shi. A kan matakala, a ɗan filin da ke tsakanin hawa na biyu da na ɗaya, inda fentin bango ya ɓare kuma kwan fitila ya daɗe da mutuwa, ya tsaya. Wayarsa na sama a hannun Auta. Ya riƙe ƙarfen matakalar da hannu biyu ya fara magana.

Na jira. Aikina ke nan, jira. Ban kalli agogo ba, ban kalli bakinsa ba, ban ƙarasa masa ko harafi ba. 'Yan biyu suka wuce mu a guje suna bin ƙwallo, ya tsaya, suka sauka, ya ɗora daga inda ya tsaya. Maganar ba ta da tsawo. Na karanta dubban saƙonninsa, na ji abin da ya sa a bakin jarumai, amma bai taɓa haɗa kalmomi irin waɗannan ba. Shi ma ya sani. Na gani a fuskarsa, irin kallon da tela ke yi wa rigar da ta zauna daidai.

Na san kuna jira in faɗa muku. Ku yi haƙuri, masu karatu. Duk abin da kuka karanta a nan sai da na nemi izinin masu shi, har Mama, wadda ta ce in tabbatar na rubuta cewa ba ta kuka. Wannan ɗaya kuwa ba ta fita.

"Wannan fa?" na tambaye shi. "Yaushe zan gan ta a talabijin?"

Ya girgiza kai.

"Za mu gani," na ce. Na hau na aiko Auta da wayarsa.

Na san inda labarin fim ɗinsu ya tsaya. An riga an sanar cewa Direba zai bi Mai Ɗinki garin innarta ya dawo da ita, duk gari na jiran abin da zai faɗa mata. Marubucin da ya yi makonni hannunsa a bushe, darakta a wuyansa, ga kuma mafi kyawun maganar rayuwarsa a bakinsa, sabuwa, an ma gwada ta ta yi aiki. Ban tura masa ko harafi ba duk makon. Na gyara littattafai, na koyar da rabawa, na raba faɗa biyu a kan abin goge rubutu.

Lahadin da aka nuna shi falonmu ya cika, don Maman 'Yan Biyu ta zo da ƙanwar mijinta. Na zauna a ƙasa, bayana jingine da bango, littattafai a cinya ban buɗe ko ɗaya ba.

Direba ya faka motarsa a gaban wani bene. Ya shiga. Ya haɗu da Mai Ɗinki tana saukowa da bokiti. A kan matakala.

Na ture littattafan gefe.

Ya riƙe ƙarfen matakalar da hannu biyu. Ya buɗe baki.

Sai kyamarar ta fara ja da baya. Ta fita ta ƙofar benen, ta tsallaka titi, ta tsaya a can ɗaya gefen. Ana hango su ƙanana ta cikin ƙofar, bakinsa na motsi. Babu abin da ake ji sai ƙarar motoci da wani mai tallan ruwa. Wata babbar mota ta gifta ta rufe su. Da ta wuce, Mai Ɗinki ta ajiye bokitin a ƙasa.

"Auta, ƙaro murya!" in ji Maman 'Yan Biyu.

"A ƙure take!"

Mama ta karɓe rimot tana buga shi a tafin hannu. "Batirin nan ne. Na ce a canza tun makon jiya."

"Me ya ce mata? Jama'a, me ya ce?" ƙanwar mijin har ta miƙe tsaye. "Wata guda muna jira, su ba mu ƙarar mota?"

Rubutun ƙarshe ya fara hawa, talla ta yanke shi.

Wayata ta yi haske.

"Abin da na rubuta a takardar ke nan: 'A nan ya gaya mata wata magana. Ba a ji.' Darakta ya ɗauka haka don lokaci ya ƙure masa. Ya ce mako mai zuwa dole mutane su ji abin da Direba ya faɗa, in ba haka ba zai ba wani rubutun. Na ce ya ba shi."

Na karanta sau biyu, kamar yadda nake yi wa amsar da ba na so in yi mata rowar maki. Mutumin da ya yi shekaru yana jiran sunansa ya hau allo, ko da rabi ne da gwangwanin madara, shi ne yau ya yarda ya bar aikin.

Baƙin suka sauka suna mita. Mama na tattara kofuna ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Batirin lafiyarsa ƙalau, ko?"

"Ƙalau, Mama."

"Na yi zato. Kawunki zai kira anjima."

"Ki ce masa manyan yaron su zo."

Ta tsaya da tire a hannu. Auta ta saki wata 'yar ƙara ta toshe baki. Mama ta juya wajen kujerar kusurwa ta ce, "Ka ji 'yarka. An gama dubawa."

Na fita baranda, inda sabis ya fi ƙarfi, na rubuta masa saƙon farko tun ranar kofi.

"Kada ka ajiye aikinka. Gobe bayan an tashi ka zo makaranta da takarda da biro. Zan ba Direba wata maganar ya faɗa, ba waccan ba. Abin da na ba ka da hannuna ka saka, abin da ban ba ka ba ka bari. Sunana kuma a ƙasan naka, talla ta yanke mu tare."

Alamar ya karanta ta fito nan take. Sai na ga yana rubutu. Ya tsaya. Ya sake farawa. Ya goge. Mutumin da ke sa wa gari guda magana a baki, na tsaya ina kallonsa yana rubutawa yana gogewa, har rigar Auta da ke kan igiya ta daina ɗiga. Daga nan alamar ta ɓace gaba ɗaya.

Na ce to, sai gobe ke nan. Na juya zan koma ciki.

Sai wayar ta fara ƙara a hannuna. Kira ne. Sunansa ne a kai.

Na jawo kujerar roba na zauna, na gyara mayafina, don na san za a daɗe. Sannan na ɗaga.